Alhaji, Ina Zuwa?

Na daɗe ina aiki a wani ofishin binciken lafiyar jama'a a nan Douala. Aikinmu mu gaya wa mutane su motsa jiki, mu kuma a zaune muke faɗa, sanyin na'ura na kaɗa mu. Ni ne mai juya takardun Faransanci zuwa Hausa. Duk takardar da aka manna a unguwarmu ta New Bell mai hoton wani bawan Allah da gajeren wando yana gudu a ƙarƙashin itatuwa, da hannuna a ciki. Ban taɓa ganin itatuwan nan a unguwar ba.

Baba tela ne, tun kafin a haife ni yake kan keken ɗinki. Da ciwon suga ya kama shi, ni na kai shi asibiti, ni na yi tafinta. Likita ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, dole ya riƙa tafiya a ƙasa rabin awa kullum, in ba haka ba ƙafafun ne za su fara tafiya su bar shi. Ni da fassara ce sana'ata, sai na buɗe baki na ce, "Baba, ya ce ku riƙa fita yawo."

Baba ya dube ni sama da ƙasa. "Yawo? Da furfurata?"

A wurinmu yawo na marasa aikin yi ne. Na yi ta gyara maganar har muka iso gida, amma kalmar ta riga ta zauna masa.

Duk da haka ya gwada. Bayan la'asar zai sa babbar riga da hula, don shi ba ya fita ƙofar gida da ƙasa da haka. Kafin ya kai layin mahauta an tare shi: "Alhaji, ina zuwa?" Ƙarya ba ta cikin halinsa, cewa ba ko'ina kuma ta yi masa nauyi. Sai a jawo benci, a kawo shayi, rabin awar ta ƙare a gaisuwa. In ya tsallake wannan, ga masu benskin, 'yan acaɓar garin nan, waɗanda rabinsu shi ya ɗinka musu kayan salla. "Alhaji, montez, ku hau, ba za mu bar ku a ƙasa ba." Ƙin hawa wulaƙanci ne. Ran nan, sau ɗaya tak, ya saɓa halinsa don dai ya rabu da ɗayansu, ya ce can unguwar Ndokoti za shi, mutumin kuwa ya kai shi har tsakiyar cunkoson Ndokoti. A kan wani benskin ɗin ya dawo, ransa a ɓace, bai taka ko taku ɗari ba.

Hanyar ma ina take? Gefen titi masu tebur sun cinye, tsakiya ta babura ce, in ruwa ya sauka kwata ta haɗe da hanya. Sai kuma magana ta fara zagawa. Wasu suka ce ɗansa na ofis ya yi watsi da shi, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Duk ta dawo kunnensa.

Shi da kansa ya gano mafita. Wata safiya ina ɗaura takalmi ya ce, "In mu biyu ne ba mai tambaya, za a ce wata hidima za mu. Ka riƙa raka ni bayan la'asar."

Na ce, "To Baba, bari mu gama wannan taron." Taro ne a otal, kan yadda za a sa mutanen duniya su koma tafiya a ƙasa. Bayan taron aka shiga rubuta rahoto, bayan rahoton aka kira wani taron. Baba ba ya roƙon abu sau biyu. Ya koma kan kekensa, ni kuma da na ga ya yi shiru na ɗauka an wuce wurin.

Babban yatsan ƙafarsa ne ya fara baƙi. Kafin damina ta fita an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ta dama, wadda yake taka keken da ita.

Ina jin haushin unguwar da ta kashe masa ƙafa da ladabi. Ina jin haushin takardunmu, da ba wadda ta taɓa tambayar me dattijo zai ce in an tare shi a hanya. Amma haushin kaina ya fi, don amsar a gidanmu take, kuma an ba ni ita a hannu.

Yanzu kullum bayan la'asar ina tura shi a keken guragu, daga ƙofar gida zuwa layin mahauta mu zagayo ta bayan masallaci. Yadda ya faɗa haka aka yi, ba wanda ke tambayarmu ina zuwa. Ranar farko da muka dawo na duba agogo, rabin awa cif. Ina ƙoƙarin haurar da keken dakalin ƙofa, bai ko waiwayo ba ya ce, "Ashe kana da lokaci."