Fasfon 'Yar Ƙanena a Lalitata

Ni ban san akwai wani wasa wai shi ragbi ba sai da 'yar ƙanena ta fara dawowa gida gwiwa a goge, riga duk jar ƙasa. Ni na riƙe ta tun rasuwar ubanta, a ɗakina ta girma a nan Zangon Kumasi, shi ya sa Mma take ce mini. Na tambaye ta da wa take dambe. Ta ce ba dambe ba ne, wasa ne: mata goma sha uku nan, goma sha uku can, ki rungumi ƙwallo mai kama da gwanda ki ruga, wadda ta cim miki ta kayar da ke. Na ce Allah ya kyauta. Na ƙyale ta, don da asuba sai ta taya ni dafa waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, kafin ta fita, kuma magariba ba ta taɓa yi mata a waje ba.

Wata Talata ta same ni a rumfata a Akwatialine tana haki, ta miƙo mini waya. Jerin sunaye ne, nata na ciki. Ta ce an zaɓe ta cikin tawagar ƙasa, za su yi zaman horo a Ankara, babban birninmu, daga nan su hau jirgi su je su kara da matan wata ƙasa. Abu ɗaya ya rage, a miƙa wa mai horar da su fasfo kafin Juma'a ta sama. Wadda ba ta miƙa ba, a cire sunanta a sa wata. Fasfon kuwa yana hannuna, ubanta ya yi mata shi kafin ya kwanta ciwo, kuma wa'adinsa bai ƙare ba tukuna.

Tana ambatar fasfo gabana ya faɗi. Mu a Zango mun san wannan waƙar. Haka 'yan konekshan suke farawa, masu kwasar 'yan mata su kai su aikatau ƙasashen Larabawa: ga sunanki a waya, kawo fasfo, yi sauri za a rufe. A layinmu kaɗai akwai wadda ta tafi da ƙafarta, ta dawo ba ta gane uwarta. Na sake duban jerin, ba hatimi, ba sa hannu, abin da kowane ɗan iska zai iya bugawa yana zaune a bayan trotro, motar hayarmu.

Na ce, "Ƙasa guda ta rasa wanda za ta aika sai mai taya ni wanke tukunya?"

Ta ce, "Mma, ai da ma irinmu ne a ciki. Akwai mai kitso, akwai 'yar makaranta. Kuma ko pesewa ba a ce mu biya ba."

Wannan ya ƙara tsinka mini zuciya. Tun da nake ban taɓa ganin an hau jirgi kyauta an sauka lafiya lau ba tare da wani ya ci riba ba.

Kwana biyu sai ga mai horarwar da kanta. Ba'asantiya ce 'yar unguwar Bantama, doguwa, da wando da takalmin gudu. Ita kaɗai ta zo, ba dattijo a gabanta, ba goro, ba wanda zai ce ya san ta. A wurinmu ko aron turmi za ka yi a gidan da ba a san ka ba, sai ka nemi wanda zai raka ka, balle ɗaukar 'ya a fita da ita ƙasa. Ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Maame, 'yarki ba ta da tsoro, irinta muke nema." Ta nuna mini hotuna, ta ba ni lambar wani ofishi ta ce in kira. Na ce a raina, lambar da ke kika ba ni, ai mutuminki ne zai ɗauka. Na ba ta ruwa, na ce za mu yi shawara.

Shawarar kuwa ɗaya ce a gidanmu. Akwai kawuna, tsohon mai sayar da goro, shi yake yi mana bincike duk lokacin da aka zo neman auren 'yar gidan: ɗan waye, wane gida, da me aka san su. Bai taɓa kawo mana labarin banza ba. Na kai masa magana, ya gyara zama ya ce in bar masa.

Kawu ya bi hanyar da ya saba. Ya aika wa wani aminin kasuwancinsa a Bantama, shi kuma ya tambayi wani mahauci, aka yi ta neman gidan uban matar. Kwana huɗu aka kwashe a kan uban nan, sannan wata tsohuwa mai sayar da kifi ta yi musu dariya ta ce in asalin Ba'asante kuke nema, ɗakin uwarsa ake tambaya. Dangin uwar kuma suna wani ƙauye, ba a samun manyansu a haɗe sai ranar Asabar in ana makoki. Kawu ya ce ba komai, za a jira Asabar.

Ni kuma a gida na zama 'yar sanda. In wayarta ta yi ƙara sai na kasa kunne. Na ciro fasfon daga ƙasan akwati na sa a lalitar da nake ɗaurewa a ƙugu, da ita nake zuwa kasuwa, da ita nake shiga wanka. Ta gan ni lokacin da nake ɗaurawa. Na ga fuskarta, kuma har yau in na tuna kunya ce take kama ni, don yarinyar nan ko ashana ba ta taɓa ɗauka a ɗakina ba sai ta tambaya.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta durƙusa a gabana ina tsince wake.

"Mma, gobe ne."

"Juma'a ba ta ƙarewa," na ce. "In da gaske suna son ki, za su jira Kawu."

"Ba mai horarwar ce ke da ikon jira ba, Mma. Ita ma aika sunayen za ta yi."

"Haka duk suke cewa."

Na faɗa da ƙarfi, har da juya kai, don na yi imani dabara ce ta matsa mini. Ina jin kaina jaruma, wai ina tsare amanar ɗan'uwana. Matar ta kira ni sau uku da safiyar Juma'a, ina kallon wayar tana ƙara a kan tebur ina zuba wa mutane shito, miyar yajinmu, a kan shinkafa, ban ɗauka ba.

Aka cire sunanta. Ta gaya mini a taƙaice, ta ɗauki bokiti ta tafi famfo. Ko a lokacin ban sauko ba, na ce bari dai mu ji daga ƙauye. Asabar ɗin farko ba a yi makoki ba, sai ta biyu. Kafin nan tawagar ta gama zama a Ankara ta tashi. Maƙwabciyarmu ce ta nuna mini su a waya, sun jeru da riguna masu launin tutarmu, ana taken ƙasa, wata gajeriya tana share hawaye. Matar Bantama tana gefe da wandonta.

Washegari da hantsi Kawu ya shigo da babbar riga, yana fara'a irin ta wanda ya gama aiki mai kyau. Aka shimfiɗa masa tabarma, yarinyar ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ya ce an je har ɗakin kakar matar. Mutanen kirki ne, manoman koko, ba a san su da cuta ba, ita kanta malamar makaranta ce, kowa ya yabe ta.

"Ku ba ta fasfon," in ji shi. "Na lamunce."

Na kasa ɗaga kai. Yarinyar ta jira ya gama sha, ta karɓi kofin da hannu biyu, sannan ta juyo gare ni. Babu faɗa a muryarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Alhamdu lillahi, Mma," ta ce. "Yanzu hankalinki ya kwanta."