Ledar Magungunan Inna

Mu uku Inna ta haifa, kuma duk wanda ya je Gwiwa gaishe ta sai ya riƙo mata maganin hawan jini, kamar tsarabar goro. Jiri ya yi ta damunta har ta faɗi a bakin murhu. Muka ce tsufa ne.

A asibitin Kazaure, mai harhaɗa magunguna ta zazzage ledarta a tebur, ta ware kwali uku.

"Inna, duk kina sha?"

"'Ya'yana suka kawo. Na wa zan bari?"

Matar ta dube ni, ta ce magani ɗaya ne, suna kawai ya bambanta.

Muna ta gasar saye, ba wanda ya taɓa zama ya buɗe ledar nan. Tabon wutar yana hannun Inna har yau, kuma da shi take shi mana albarka.