Littafin da Na Karanta a Bakin Sito

Lokacin ina gadin wani siton hatsi a Maigatari, iyalina suna Ɗanzomo, wani direba ya manta littafi a bencina. Fassara ce, bangon ya yage. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na bi shi a hankali har ƙarshe.

Labarin wani mutum ne da ke bin sawun wata ƙungiyar asiri. Ya karya kumallo a wata ƙasa, azahar ta same shi a wata, babu mai tsayar da shi a kan iyaka. Ni da ke ganin Nijar daga inda nake zaune, abin ya burge ni. Sai daga baya na lura bai taɓa gaida kowa ya tambayi iyalinsa ba. A littafin, duk wanda ya kau da kai, akwai abin da yake ɓoyewa. Na ɗauki wannan karatun na riƙe.

Aboki ɗaya gare ni a garin, wani Bafulatani daga wajen Sule Tankarkar. Ranar kasuwa yakan kawo mini nono, mu zauna a inuwar sito, yana tsokanata wai ina gadin geron da ban noma ba.

Wata rana ya zo bai zauna ba. Ya rage murya ya ce in ara masa babur ɗina, wani ne ba shi da lafiya a rugarsu, za a kai shi Gumel. Na tambayi sunan mara lafiyan. Ya kau da kai. Na sake tambaya ko ɗan waye, ya koma kallon sandarsa.

Na ce, "Faɗi gaskiya, me za ku tsallaka iyaka da shi?"

Ya dube ni ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, malam." Ya tafi a ƙafa.

Ashe mara lafiyan ɗansa na fari ne. Na tashi cikin Fulani, na san Bafulatani ba ya kama sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Na sani, littafin ne ya sha gabana.

Wani ya kai su, ɗan ya warke. Na je har ruga na ba da haƙuri, ya ce ba komai. Har yau yana gaishe ni ranar kasuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, amma a tsaye. Bencin nan ni kaɗai nake zama a kai.