Tafin da Na Koya Musu

Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Tudun Wada aka aiko mana baƙo daga birni, wai zai wayar wa ɗalibai kai game da kotun duniya da yadda take hukunta masu kisan kiyashi. Shugaban makarantarmu mutum ne da takalmin baƙo ya fi ɗalibi daraja a wurinsa. Kwana uku aka yi ana shara ana koya wa yara tafi: duk wanda ya yi magana ya rufe baki, a tafa masa sau uku. Ni aka ɗora wa aikin, na kuwa yi shi ba musu. Tambayoyin ma shugaban ne ya rubuta a 'yan takardu, ya raba wa 'ya'yan manyan gari.

A ajina akwai wata yarinya Bafulatana, iyayenta sun taso daga yamma sun zauna wajen Doguwa. Ita kaɗai ke jiran baƙon da gaske. Ta taɓa tare ni a bakin aji ta ce, "Malam, da gaske akwai kotun da ke sauraron wanda ba shi da kowa?" Na ce akwai, don kuwa haka littafi ya ce.

Baƙo ya iso yana ƙamshin turare, ya yi awa guda yana zuba Turanci a kan ƙasashen da ko shi bai taɓa takawa ba. Rabin hankalinsa na wajen mai ɗaukar hoto. Da aka zo tambayoyi, masu takardu suka karanto nasu, aka tafa. Sai yarinyar nan ta miƙe, hannunta ba takarda.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "an ƙone rugarmu. An kashe baffana da yayyena biyu. Na san fuskar mutum biyu a cikin maharan. Ina zan kai ƙara?"

Ta rufe baki. Yara suka tafa, raf, raf, raf, daidai yadda na koya musu.

Baƙon ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, Allah ya jiƙan su, sai haƙuri. Ya duba agogo. Shugaban kuwa abin da ya dame shi bayan taro shi ne waye ya ba ta izinin tashi. Har yau idan na tuna su biyun takaici ke cika ni, kuma ban cire kaina a ciki ba.

Ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba. A jarrabawar ƙarshen zango na tambayi ayyukan kotun duniya. Ta jero su tsaf, babu kuskure ko ɗaya, har da cewa kotun na share hawayen wanda aka zalunta. Da hannuna na ba ta cikakken maki.