Rumbun da Muka Ɓoye a Bangi

A kakar shekara ta uku da fara yaƙin Nasara, ranar kasuwar Bangi da hantsi, ina gindin kalgo ina taya Kaka sheƙar gero sai ga gardi biyu, dakarun kumandan, Baturen da ke mulkinmu, a kan dawaki, da jakuna shida a bayansu. Ba su yi sallama ba, ba su kuma tambayi hanya ba. Suka wuce kai tsaye bayan ɗakin tsafinmu, suka yaye tsohuwar zanar da ke jingine can, rumbun da muka yi shekaru muna ɓoyewa ya fito fili. Kafin rana ta take sun kwashe shi har ƙasa. Kaka ta bi ƙurar jakunan da ido, ta ce, "Wanda ya nuna musu ya sha ruwan randarmu."

Mu baƙi ne a Bangi. Gida tara ne suka sauko daga tsaunukan Buza shekarar fara, kafin a haife ni, suka roƙi fili a gefen gari. Azna ne mu a lokacin, masu bin addinin kakanni, mutanen gari kuwa Musulmi. Kaka ta goyo wani baƙin dutse daga wurin tsafinmu na asali, aka gina masa ɗan ɗaki, muna kiransa Ɗakin Dutse. Babu wanda ake biya don ya kula da shi. Maza su yanko ciyawa su yi baibaya kafin damina, mata su yi shara da cika randa bi da bi, mu 'yan mata mu kwaɓa yumɓu mu shafe bango har hannuwanmu su yi kaushi. Da kaka kowane gida ya kawo dami ɗaya a zuba a rumbun bayan ɗakin. Da wannan geron ake musayar baƙar akuya ta yankan shuka, da shi ake ciyar da danginmu in sun sauko ziyara. Kumandan ya ce kowane rumbu sai an shaida masa, amma manyanmu suka ga wannan ba na mutum ba ne, shi ya sa suka rufe shi. Kaka takan ce, "Ɗakin nan ba shi da ƙafa, mu ne ƙafafunsa."

Daga ranar unguwarmu ta canza. Da farko aka zargi mutanen gari, waɗanda dama matansu ba sa ɗibar wuta a murhunmu. Aka zargi Bafulatanar da ke kawo mana nono, aka daina saye. Amma baƙo ba ya shiga bayan ɗakin, don haka zato ya juyo cikin gida. Mata suka riƙa yin shiru in wata ta iso rijiya. A ƙarshe idanu suka tsaya kan Kawu Arzika, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fara salla a daminar da ta wuce. An gan shi yana gaisawa da limamin gari, an gan shi da buta. Babu wanda ya ce masa kome a fuska. Sai dai aka daina amsa gaisuwarsa, Inna ta hana ni kai masa fura. Ranar baibaya ya ɗauko ciyawarsa kamar kullum, mahaifina ya tare shi ya ce, "Mai da abinka, Arzika, ta ishe mu." Ya juya da ƙunshin a ka.

Ina kallonsa, alhali ni na san wanda ya faɗa. Kasuwa biyu kafin zuwan jakunan, na yi wasan carafke da wata Ramatu, ɗiyar gardi, da ta rako uwarta sayen daddawa. Ta cinye ni sau uku, tana ta cika baki wai ubanta ya san kowane rumbu a ƙasar nan. Haushi ya kama ni na ce mu muna da wanda ko kumandan bai sani ba, har na kwatanta mata zanar. Shekarata tara. Wata huɗu na riƙe maganar nan, tuwo ba ya wuce mini, gaɗa ma na daina fita. Kafin ruwan farko Kawu ya ɗaure kayansa, shi da matarsa suka koma ƙauyen Urno.

Kwana uku da tafiyarsa, muna tsinkar rama da Kaka, na fashe da kuka na faɗa mata duka. Na sunkuya ina jiran duka. Sai ta ajiye ramar ta ce, "Tashi ki wanke ido. Gobe da ƙafarki za ki kai wannan magana." Washegari muka kama hanya, tsohuwa da sanda, ni da goran ruwa. Muka iske Kawu yana sassabe a sabuwar gonarsa. Na durƙusa na maimaita abin da na yi.

Ya jingina gatarinsa ya ce, "Na sani, ɗiyata. Matar gardin ta ba matata labari tun sati na farko, tana dariya."

Kaka ta ce, "To mi ya hana ka buɗe baki, Arzika?"

Ya ce, "Inna, dama suna neman abin da za su riƙe ni da shi tun da na kama salla. Ni na iya ɗauka. Ita fa?"

Kaka ta tara gidajen nan ta wanke shi a gaban kowa, mahaifina ya je da kansa ya ba shi haƙuri, amma Kawu bai dawo ba. Sai dai kowace kaka jakinsa yakan iso da dami ɗaya, da saƙon cewa na ciyar da baƙi ne, ba na yanka ba. Kaka ta keɓe masa kusurwa, ba ta taɓa haɗa shi da sauran ba.

Yau dukanmu muna salla, jikokina ma ba su san an taɓa yin wani ɗaki a wurin da suke shuka wake ba. Ba yankan nake kewa ba. Ina kewar lokacin da gida tara za su taru su ɗora rufi ɗaya ba wanda ya aike su, kuma nakan tuna da yadda zato ya raba mu da mafi alherinmu cikin wata huɗu. Ban ƙara yarda da zargi ba sai na fara tambayar kaina.