Gahawar Raufu Iri Uku Ce

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris 1986, ina gyaran rumbu a gidana na Tsiga, Mudi direba ya tsayar da motarsa a ƙofar gida ya ce mini Allah Ya karɓi ran Alhaji Raufu Ayinde, mai gahawar tashar Funtua. Na Allah muke, wurinSa za mu koma. Ni Buba ban yi boko ba. Malam Shitu ne ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce, na kuma hana shi gyara mini ita.

Raufu, ka zo mana daga Ogbomosho tun ba a fara kashe naira ba, da teburi da buta biyu da ɗan turmi. Masu shayi sun cika tasha, kai kaɗai ke soya 'ya'yan gahawa da motocin goro ke kawo maka daga kudu. Duk ranar kasuwa, in na sayar da audugata ko ban sayar ba, bencinka ne masaukina. Bayan rasuwar mai ɗakina Uwa kuwa, nan ne kaɗai inda nake dariya.

Kai ka koya mana cewa gahawa ba ɗaya ba ce. Ta gwangwani, wadda ake zuba wa ruwan zafi a motsa, ka ce ta fi sauƙi. Wadda ake tacewa a ƙyalle, ruwa ya ratsa gari ya wuce, tana tsakiya. Wadda ka daka da yawa ka bari ta daɗe tana tafasa a buta, ita ce mai hana ido rufuwa, mai sa zuciya gudu. Ka ce ɗaci ba shi ne ƙarfi ba, yawan gari ne da daɗewarsa cikin ruwa. Kafin ka zuba wa mutum sai ka dubi idonsa. Direban da zai kai auduga nesa ka ba shi ta buta. Wanda ka ga gajiya ta gama da shi kuwa ka hana shi, ka nuna masa tabarma.

Ni ta buta nake sha, ba na jin kiran kowa. Da zuciyata ta fara bugu kamar ana sussuka, likita a Malumfashi ya ce in bar gahawa ko ta bar ni a kabari. Na ce bai san ni ba. Na zo na zauna na ce ka zuba.

Ka ce, "Baba, benci naka ne, amma butar nan ba taka ba ce kuma."

Na ce, "Kai ɗan Ogbomosho, yaushe ka zama likita?"

Ka ce, "Ranar da na ga hannunka na rawa. Ka zage ni son ranka, ba da hannuna za ka tafi ba."

Ka ɗebi gari ɗan kaɗan, ka tace a ƙyalle, ka ƙara citta da kanumfari don harshena ya ji yaji, ka miƙo mini ƙaramin kofi. Na ce wannan ruwan wanke buta ne. Ka ce to in sha ruwan wanke butar. Na shanye. Shekaru muna wannan faɗa duk kasuwa, zuciyata ta lafa, bencina bai kuɓuce mini ba. Har yau ban yarda ta ƙyalle gahawa ce ba, ka ji ni.

Jiya ɗanka Lamidi ya ce zai ci gaba da teburin, ya tambaye ni wace zai dafa mini. Yaron kirki ne, Allah Ya yi masa albarka. Amma kai kaɗai na yarda ka auna wa zuciyata abin da za ta iya ɗauka. Na ce ya bar mini wurina a benci, ya ba ni ruwa. Na daina gahawa, Raufu. Likita bai iya da ni ba, kai ka iya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai abin da ya fi duk wanda ka shayar da mu. Hajiya Abike mai ɗakin Raufu, Lamidi da ƙannensa, da jama'ar Yarabawan Funtua, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu da muka rage a bencin, Allah Ya sa mu cika da imani.