Gejin Makau Mai Faci

Makau mutumin Zugu ne, manomi ɗan manomi. Da hare-haren 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, sai ya kwashi iyalinsa ya koma Gummi, ya koyi facin taya yana da shekara arba'in da biyu. Bai yi boko ba, amma lambobin geji, ma'aunin iskar taya, bai ɗauki sati guda yana koyonsu ba.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. In ya ba tayar babur iska talatin da sassafe, mai babur ya dawo da azahar, sai geji ya nuna talatin da uku. Babu wanda ya ƙara iska. Ya tambayi tsofaffin masu faci, suka ce rana ce. Wannan amsa ba ta ishe shi ba.

Wata Asabar ya kai maganar gaban ɗiyarsa Khairat, wadda ke aji biyar na sakandare. Ta ce ai sun karanta: in zafi ya ninka, ƙarfin iskar da ke kulle ma sai ya ninka. Ta rubuta zafin safe digiri ashirin, na azahar arba'in.

"Talatin sau biyu, sittin ke nan, Baba."

"Sittin? Da taya ta fashe. Sake dubawa dai."

Ta sake duba littafinta. Can ta gano kuskuren. Wannan lissafi da ma'aunin Kelbin ake yinsa, sai an ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a kan kowane zafi. Ta sake bugawa, ya ba ta talatin da biyu.

"Saura ɗaya," in ji Makau. "Ina ta shiga?"

 Ranar Litinin Khairat ta tambayi malaminsu, Malam Abdulwahabu, shi kuwa da yamma ya turo babur ɗinsa har rumfar Makau. Ya ce geji ba ya ƙirga iskar duniya da ke danne tayar daga waje, kusan goma sha biyar ce, sai an haɗa ta kafin a buga, sannan a cire. Suka lissafa da tsinke a ƙasa. Talatin da uku ya fito.

Makau ya daɗe yana kallon bayan hannunsa.

"Malam, kana nufin iskar nan tana danne ni yanzu haka?"

"Tun ran da aka haife ka."

"To, mi ya sa ban taɓa ji ba?"

Malam Abdulwahabu ya jawo benci ya zauna, don bayanin wannan da tsawo.